Abin da ke Bayan Injin Wanke Kwanuka

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan injin wanke kwanuka, irin wanda ake cusawa ƙarƙashin kantar kicin ya zauna daram kamar tare aka gina su, zai ga abu uku sun fito daga jikinsa: tiyon shigar ruwa, tiyon fitar da ruwan datti, da wayar wuta. Gabansa kuwa sumul yake. Ƙofa ce kawai, kafinta ya lulluɓe ta da katako irin na sauran durowoyi, har baƙuwa ta shigo ta fita ba ta san da inji a wurin ba. A shagunan Kano da Abuja gaban ake nuna wa mai saye, a buɗe masa ƙofar, a jawo kwandunan ciki suna sulɓi a kan 'yan tayoyinsu. Bayan kuwa sai an kai gida an yage kwali ake ganinsa, alhali a can maganar take.

Ba kaya ne da aka saba gani a Batsari ko Safana ba, ba na kuma jin za a saba nan kusa. Sai dai wayar hannu ta shiga ko'ina. Amare na kallon kicin ɗin Dubai da na Turkiyya a TikTok, 'ya'yan gari da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas suna dawowa su yi gini a gida, kowa burinsa ya hutar da mahaifiyarsa daga wahalar shekara da shekaru. Niyya ce mai kyau, Allah ya saka musu da alheri. A gidan wani ɗan'uwana cikin garin Batsari na ga yadda irin wannan niyya ke cin karo da halin da gidajenmu ke ciki, kuma abin da na gani ya wuce batun inji.

Ya yi wa mahaifiyarsa sashe na bulo da siminti, aka shimfiɗa tayil, aka fitar da kicin a ciki, ya sayo injin ya ɗoro shi a mota tun daga Kaduna. Kafinta ne ya fara zuwa da abin awonsa. Irin wannan inji faɗinsa santimita 60 ne, tsayinsa wajen 82, kuma dole gurbin ya zama cif, domin ɗaure shi ake yi a jikin kanta kada ya rinjayo gaba idan aka buɗe ƙofa aka jawo kwando cike da faranti. Magini kuwa ya riga ya zuba kantar kankare, ya bar gurbi yadda idonsa ya ba shi, sai ga shi ya gaza da kamar yatsa biyu. Aka sa guduma aka sassaƙe gefe, tayil ya farfashe, aka sake sayen wani. Wannan shi ne mafi sauƙi a cikin abin da ya biyo baya.

Mai gyaran famfon da aka kira dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Ko kallon injin bai yi ba. Waje ya fita, ya ɗaga kai ya dubi baƙin tankin da ke bisa ƙarafa a gefen ɗaki.

“Alhaji, tankin nan naka wa ke cika shi?”

“'Yan ga-ruwa ne, Baba. Su zuba a durom, yara su ɗora da ƙaramin inji in an kawo wuta.”

“In ba a kawo ba fa?”

Ɗan'uwan nawa ya yi shiru. Dattijon ya auna tsayin ƙarafan da ido, ya girgiza kai, ya ce ko da tankin cike yake ruwan ba zai shiga da ƙarfin da ake so ba. Gaskiya ya faɗa. Injin wanke kwanuka ba ya zuƙo ruwa da kansa, hanya kawai yake buɗewa, ruwan ne zai turo kansa ciki. Takardar da ke zuwa tare da da yawa daga cikinsu tana neman ƙarfin ruwa daidai da na tankin da ke sama da wajen mita 5, wannan kuwa bai fi rabin haka ba. Ruwa zai riƙa shiga a hankali, injin ya jira iya lokacin da aka ƙayyade masa, ya ga bai cika ba, ya tsaya cak ya kunna 'yar fitilar gargaɗi. Mafita biyu ce: a ƙara wa tanki tsayi, ko a sa wani ƙaramin famfon wuta mai tura ruwa. Ya kuma kwance bakin tiyon ya nuna mana wata 'yar raga da ba ta fi farcen babban yatsa ba, ya ce ruwan da ake kawowa a jarka da yashinsa yake zuwa, ba za a daɗe ba zai toshe ta, sai an sa matata a kan hanya.

Tambayarsa ta farko ita ce mai nauyi, wato wa ke cika tanki. Ƙasar yammacin Katsina dutse ne a ƙarƙashinta. Wanda ya bi hanya daga Dutsin-Ma zuwa Safana ya zarce Runka, ko daga Batsari ya nufi Ruma, ya ga manyan duwatsu sun ɓullo a gonaki, wasu falale, wasu a tsaye. Abin da ya fito sama kaɗan ne daga abin da ke binne. A irin wannan ƙasa ruwa ba ya kwanciya malala a ƙarƙashi yadda yake yi a ƙasar yashi mai zurfi. A tsagar dutse yake maƙalewa, da kuma ɓangaren da dutsen ya rube ya zama marmara. Shi ya sa maƙwabta biyu za su kira masu haƙar rijiyar burtsatse, ɗaya ya dace, ɗaya ya zubar da kuɗinsa injin haƙa ya yi ta fitar da farar ƙura har a haƙura. Damina wata huɗu ce in ta yi kyau. Daga Maris zuwa Mayu rijiyoyin gargajiya sun ja baya, guga ya dawo da laka, mata a ƙauyuka su koma tonon yashi a busasshen rafi suna kwarfa da ƙwarya, a cikin gari kuma kuɗin jarka ya tashi, layi a bakin famfon tuƙa-tuƙa ya miƙe tun kafin a kira assalatu. A kan wannan ƙasa aka zo za a girka injin da ke son ruwa tsabtatacce, da ƙarfinsa, a duk lokacin da aka danna maɓalli.

Batun wuta ba sai an ja shi da nisa ba. Injin da kansa yake dafa ruwansa, kuma lokacin da yake dafawar yana jan wajen wat 2,000. Ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da talabijin da shi bai kai 1,000 ba. Wanki ɗaya yakan ci awa biyu, wani tsarin har uku da ɗoriya, in wuta ta ɗauke a tsakiya kwanuka su kwana cikin ruwan maiƙo. Babban janareta fetur yake sha, kowa kuwa ya san yadda farashinsa ya koma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Sola za ta iya, rana dai Allah ya hore mana ita, amma inbatar da za ta ɗauki wannan nauyi da faifanta sai su fi injin tsada. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da mai wuta ya buɗe soket ya tarar da waya biyu kacal, babu ta uku wadda ke sauke wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa. Gidaje da yawa haka aka yi musu wayarin don rage kuɗi. Ga akwatin ƙarfe, ga ruwa, ga tsohuwa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil. Ya ce shi ba zai haɗa ba sai an kafa sandar tagulla a ƙasa an jawo waya. Na ji daɗin wannan taurin kai nasa ƙwarai.

Sai tiyo na biyu, wanda ba a cika tunawa da shi ba. A gidan Bahaushe ruwan wanke-wanke rariya yake bi ya fita ta gindin katanga, ya gangara lungu, ya haɗu da na maƙwabta ya zama kwata, agwagi su yi ta facaka a ciki, yara su tsallake, sauro ya samu gidan haihuwa. Mun saba har ba ma gani. Injin kuwa da ƙarfi yake fesar da ruwansa, da zafi, da sabulu mai kaifi. Tiyon dole a ɗaga shi sama ya kusa taɓa ƙasan kanta kafin ya sauko ya shiga bututu, in ba haka ba ruwan datti ya komo cikin injin. Bututun kuma dole ya kasance da lanƙwasar nan da ke riƙe ɗan ruwa, wadda ke tare wari da kyankyasai. Daga nan sai ina? Sai ramin da zai tsotse ruwan, kuma a ƙasa mai dutse haƙa shi aiki ne. Masana tsabta suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin irin wannan rami ko masai da rijiyar da ake sha. A cikin tsohon gari, inda katanga ke jingine da katanga, mita 30 gida uku ne. Rijiyar da za ka gurɓata sau da yawa ta maƙwabcinka ce, shi kuwa ba a tambaye shi ba. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Katsina na cikin jihohin da ta yi wa ɓarna. Hanyarta ita ce wannan, ruwan da ya fita ya je ya sadu da ruwan da zai shigo.

Duk wannan kai-komo da ake yi, Inna, mahaifiyar ɗan'uwan nawa, tana zaune a ƙofar kicin bisa kujerarta 'yar tsuguno tana kallo. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

“Ɗan nan, tukunyar tuwo na shiga ciki?”

“A'a Inna, ta yi girma. Kuma an ce irin wannan tukunya baƙi take yi a ciki.”

“Akushi fa?”

“Zafin zai fasa shi.”

Haka ta riƙa jerowa yana amsawa. Ƙwaryar fura ba ta shiga, ludayi ba ya shiga, muciya da maburgi da mara duk zafi da jiƙo za su tsattsage su. Kula ta zuba abinci ruwa na iya shiga tsakanin bangonta biyu ya lalata ta. Babban tiren da yara ke haɗuwa su ci a kai ya fi ƙarfin kwandon. Tukunyar da ta hau murhun itace, baƙin da ke gindinta sai toka da yashi da ƙarfin damtse. Ƙanzo kuwa feshin ruwa ba ya ɓamɓare shi, jiƙa shi ake yi, kuma a gidanmu ba shara ba ne: a shanya shi a ci, ko a ba dabba. Sabulun ma nasa daban ne. In aka zuba Omo ko sabulun ruwa na hannu, kumfa zai cika shi ya malalo ƙasa, sai an nemo nasa daga manyan kantuna a Katsina ko Kano, da wani gishiri na musamman da ake zuba wa wasunsu. Abin da ya rage wa injin shi ne kwanukan silba, da cokula, da kofunan gilashi, da farantan tangaran da ke cikin jere, waɗanda ba a saukowa da su sai an yi baƙi.

Inna ta sa wa ɗan nata albarka, ta daɗe tana sawa, har idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce a hankali, “Da ka tambaye ni, da famfo na ce ka kawo mini can gindin darbejiya, inda yaran nan ke wanke-wanke.”

Maganar nan tata ta sa na koma na dubi wanke-wanke da kyau, aikin da muke gani kullum ba mu ɗauke shi aiki ba. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya za ta tashi bayan asuba, ta tattaro kwanukan tuwon dare daga ɗaki-ɗaki da zaure. In randa ta yi ƙasa, sai ta ɗauki bokiti ko jarka ta nufi famfo. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, yarinyar kanta wataƙila ba ta fi haka da yawa ba. Ta dawo wuya a sanƙare, ta zuba a baho biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. Ta tsuguna. Ta fara da kofuna da cokula tun ruwa na da haske, sannan kwanukan tuwo, sannan na miya masu yauƙin kuka da manja, tukunya a ƙarshe, ta dangwalo toka da soson buhu ta yi ta dirza har gindinta ya yi fari. In hunturu ne yatsunta sun ƙage, bayan hannunta ya yi kaushi ya tsattsage. Ta kife kwanuka a kwando. Ta ɗauki bahon ruwan datti da hannu biyu, tana tafe yana fallatsa mata a zane, ta kai bakin rariya ta tuttular. Ruwan ɗauraya ba ta zubarwa, gindin zogale take kai shi, ko ta yayyafa a tsakar gida kafin shara. Kafin ta wanke ƙafa ta sa kayan makaranta an daɗe da buga ƙararrawa.

Idan aka auna wannan safiya, dirzar kwanon ita ce ƙaramin kaso. Mafi yawan lokacin da ƙarfin a ɗauko ruwa suka tafi, da tsuguno, da fitar da ruwa. Abubuwa ukun nan da ke bayan injin, waɗanda suka sa aka kira masu sana'a har uku, a gidajenmu yarinya ɗaya ce ke yin su: ita ce tiyon shiga, ita ce tiyon fita, ita ce wutar. Ba mu taɓa lissafa kuɗinsu ba saboda ba ta taɓa kawo mana takardar biya ba. Ranar da aka ce ƙarfe ya karɓi aikin, sai ga lissafin ya fito fili, tanki da famfo da matata da inbata da rami, har magidanci ya riƙe baki. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2016 cewa mata da 'yan mata a duniya suna kashe awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa. A ma'aunin da shi da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, ba a cewa gida ya samu ruwan sha ko da na matakin farko sai in zuwa da dawowa, har da bin layi, bai wuce minti 30 ba. Kowa ya auna unguwarsu da wannan a watan Afrilu.

Ba ina kushe injin ba ne. Yana da abin yabo. Na zamani da lita 10 zuwa 12 yake wanke kayan cin abincin mutum goma sha biyu, ƙasa da rabin jarka ke nan, kuma da ruwa mai zafin da hannu ba zai iya jurewa ba, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai in aka ce yana tattalin ruwa, da mai wanki a ƙarƙashin famfo a buɗe ake gwada shi. Matar da ke sayen ruwa jarka-jarka ta riga ta iya tattali, baho biyunta ba su fi haka ci ba sosai, kuma ruwanta yana yin aiki na biyu, abin da ruwan injin mai kaifin sabulu bai dace da shi ba. Inda na ga zai yi amfani na gaske shi ne inda kwano ke da yawa kuma baki ke sauyawa a kansa: asibiti, makarantar kwana, gidan abinci. A je kasuwar Batsari ranar Alhamis, lokacin da motoci ke lodin rogo, a tsaya bayan rumfar mai abinci a dubi bahon da ake tsoma faranti tun hantsi har la'asar. Ba laifinta ba ne, kowace jarka daga ribarta take fita. Ko ita ma, famfo mai gudu a bayan rumfa zai yi mata rabin abin da injin zai yi.

Tarihin injin kansa haka ya nuna. Wata mata ce a jihar Ilinoyi ta Amurka, Josephine Cochrane, ta samu takardar mallakar fasaharsa a watan Disamba na 1886, ta kuma nuna shi a babban bajekolin Chicago na 1893. Ta yi zaton matan gida za su yi rububinsa. Otal-otal da gidajen abinci ne suka saya. Gidaje ba su da ruwan zafin da zai ishe shi, ga tsada. Ta rasu a 1913 ba ta ga ya shiga kicin ɗin talaka ba. A tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce ke da lantarki a ƙauyukan Amurka, sai da gwamnati ta yi dokar kai wuta karkara a 1936. Ƙidayar 1940 ta nuna kashi 45 cikin 100 na gidajen ƙasar ba su da cikakken tsarin famfo da bayan gida na ruwa. Sai da bututu ya shiga, waya ta shiga, magudana ta samu, sannan injin ya fara zama kayan gida daga shekarun 1950 zuwa sama. Su ma da ruwan ciki suka ja na rijiya.

Mu kuwa mun saba fara abu daga inda ido ke gani, kuma ba magidanta kaɗai ke yin haka ba. Madatsar ruwa ta Zobe, nan kusa a ƙasar Dutsin-Ma, an gama ta tun 1983. Ruwa ya taru maƙil. Amma aikin tace shi da tura shi cikin bututu zuwa garuruwa, sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe kashinsa na farko, a ziyarar da ya buɗe hanyar Dutsin-Ma zuwa Tsaskiya. Shekara 38 ke nan. Yarinyar da aka haifa shekarar da aka gama madatsar ta yi ɗibar ruwa a ka, ta yi aure, 'yarta ta yi, wata har jikanyarta ta fara. Bututu a ƙarƙashin ƙasa yake, ba a yanka masa kyalle, ba ya fitowa a hoto, shi ya sa yake zuwa a ƙarshe in ma ya zo.

Akwai kuma wani abu da ba zai yiwu a yi maganar gini a wannan yanki a tsallake shi ba. Abin da aka ɗaure a jikin bango na mai niyyar zama ne. Mutanen ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu sun shafe shekaru ba su da tabbacin inda za su kwana gobe. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. Waɗanda suka tsira daga irin waɗannan hare-hare suka kwararo cikin Batsari da Safana da Dutsin-Ma da Katsina, da abin da kai zai iya ɗauka: tabarma, tukunya, 'yan kwanuka a ɗaure cikin zane. Famfon da aka haƙa don unguwa ɗaya ya koma shayar da ninkin mutanensa. Na ƙauyen da aka bari kuwa, in ya lalace, wane makanike ne zai hau babur ya je? Yanzu da wasu ke komawa gonakinsu, Allah ya tabbatar da zaman lafiya, abin da za su fara tararwa shi ne rijiya ta rufta, famfo ya yi tsatsa. Kafin a yi maganar komai a gidajen nan, sai an yi ta ruwa.

Ɗan'uwan nawa dai ya ji maganar mahaifiyarsa. Injin an haɗa shi daga baya, bayan an sa sola an ƙara wa tanki tsayi, kuma yana aiki da tsakar rana in an yi taro. Amma abin da ya sauya gidan bai kai kuɗin ƙofar injin ba. Bututu aka ja daga tanki zuwa gindin darbejiya, magini ya yi dakali mai tsayin ƙugu da gurbin baho biyu, aka ɗan karkata shi ruwa ya bi ta wani bututu zuwa ramin da aka cika da tsakuwa, aka dasa ayaba a gefensa. Kafinta ya buga wani ɗan gado na katako a rana don kife kwanuka, kaji ba sa kaiwa. Yaran a tsaye suke wanke-wanke yanzu, ba mai ɗaukar baho.

Ga wanda ke shirin gini, shawarata ya zauna da matan gidan tun kafin a ja igiyar harsashi, ya tambaye su inda ruwa ya kamata ya fito da inda ya kamata ya bi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bututun da aka binne kafin a yi filasta kuɗinsa kaɗan ne, wanda aka fasa tayil aka sa shi ya ninka. A ja wayar ƙasa tun farko. In ana sha'awar injin wata rana, a bar gurbin santimita 60 kusa da wurin wanke-wanke, a kawo bakin famfo da na magudana a toshe su, a sa labule, gurbin ya zama ma'ajiyar bokiti har Allah ya hore. Kada kuma a manta da rufin kwano. Duk milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, a daminar da aka samu milimita 600, ya zubar da lita 60,000, wato jarka 2,400, kuma a yawancin gidajenmu indararo ne ke watsa shi a lungu ya zaizaye gindin katanga. Ba duka za a iya tarawa ba, amma ko tanki biyu aka cika an rage wa yarinya sawu masu yawa.

Mafi yawan gidajen Batsari da Safana ba su da tankin da za a ja bututu daga gare shi. Nasu tankin shi ne famfon unguwa, kuma abin da ke kashe famfon tuƙa-tuƙa sau da yawa ƙaramin abu ne: robar da ke cikin silinda ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko wani ƙarfe ya kwance. Kuɗin gyaran bai taka kara ya karya ba, amma sai famfo ya shekara a mace saboda ba wanda aka ɗora wa alhakinsa. Unguwar da ta naɗa mutum uku, har da mace a cikinsu, suna karɓar ɗan abin da aka amince a kan kowace jarka suna ajiyewa, tana iya kiran makanike ranar da abin ya faru. Jiha na da hukumar RUWASSA da aka kafa don ruwan karkara, ƙananan hukumomin biyu na da sashen ruwa da tsabta, ga Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, waɗanda dagatai da masu unguwanninsu sun san kowace rijiya da sunanta. Abin da nake roƙo a wurinsu ba ya buƙatar kwangila. A bi gunduma-gunduma, daga Wagini zuwa Ruma, daga Zakka zuwa Runka da Babban Duhu, a ƙirga famfunan da suka mutu kafin bazara ta kama, a rubuta abin da ya lalace a kowanne, a liƙa takardar a ƙofar sakatariya tare da ranar da za a gyara shi da sunan wanda zai je.